Baba Ƙyalle da Ƙafarsa ta Hagu

Wasu aikinsu zama ne, wasu tsayuwa. Shi nasa tafiya ce. Ruwan da garin yake sha daga wata madatsa yake zuwa, can bayan duwatsu, cikin wani ƙaton bututun ƙarfe da mutum ɗaya ba zai iya rungume shi ba. Bututun nan bai san titi ba. Yakan ratsa gonaki, ya hau tudu, ya shige ƙarƙashin gada, ya nutse cikin fadama, sannan ya ɓullo ta bayan wata masana'anta da ta daɗe da mutuwa. Mota ba ta iya binsa, babur ma sai nan da can. Dole dai wani ya bi shi da ƙafa yana duba inda yake yoyo. Tun yana saurayi ma'aikatar ruwa ta ɗauke shi wannan aikin, har gemunsa ya yi fari yana kai. In ya fita, sai ya kwana a ɗakunan injin da ke hanya kafin ya kai madatsa, ya juyo. Bai mallaki komai a duniya da ya kai ƙafafunsa biyu ba, kuma wannan labarin na ɗaya ce daga cikinsu, ta hagu.

A ofis babu mai kiransa da sunansa. Baba Ƙyalle suke ce masa, domin ba za ka taɓa ganinsa ba ƙyalle ba. Ɗaya a wuya, ɗaya a ka, saura a cikin jaka tare da sifana da guntayen robar tsohon tyub na taya. Matarsa tela ce, kekenta yana ɗakin gaba na gidansu, wanda suka fasa wa ƙofa ta waje ya zama shago. Duk yadin da ya rage mata, in ya kai faɗin faranti babba, sai ta yanke shi kusurwa huɗu, ta kalmashe bakinsa, ta jefa masa a cinya. Shi ya sa wani lokaci sai ka hangi dattijo da furfurarsa yana ratsa daji da ƙyalle mai manyan furanni a ka, ragowar rigar wata yarinya. Shi ko a jikinsa.

Akwai wani mai walda a ma'aikatar, Dogo, wanda shi ne yake zuwa da mota da mutanensa su gyara abin da Baba Ƙyalle ya gano. Dogo ba ya barinsa ya wuce lafiya.

"Baba, yau kuma zanin wa ka yago?"

"Na kakarka. Ta ce in gaishe ka."

Suna dariya, amma wanda bai yi doguwar tafiya ba bai san darajar ƙyalle ba. In rana ta take, sai ya jiƙa shi ya shimfiɗa a ka, ya ɗora hula, ya bar ragowar ta rufe masa ƙeya. Wajen da ake fasa dutse, inda manyan motoci ke tayar da ƙura, hanci da baki yake rufewa da shi. Abin takaici a aikin nan shi ne mutum yana tafe kusa da ruwan da zai shayar da gari guda, amma a kulle cikin ƙarfe, ƙishirwa tana cinsa. To in gorarsa ta ƙare, sai ya gangara rafi, ya rufe bakin gwangwani da ƙyalle, ya tace ruwan daga yashi da ƙananan ƙwari, ya tafasa, ya kuma sauke gwangwanin daga wuta da wannan ƙyallen dai. A ciki yake ƙunshe burodinsa. Ranar da igiyar jakarsa ta tsinke, ƙyalle ne ya zama igiya. Ranar da takalminsa ya buɗe baki tun kafin rabin hanya, da ƙyalle ya ɗaure shi har madatsa. Ya taɓa samun wani manomi da adda ta sare a hannu, jini kamar an yanka ɗan akuya, ya ɗaure masa ya raka shi bakin titi. In lokacin salla ya same shi kan tsakuwa mai zafi, a kansa yake ɗora goshi. Karnukan da ke kwana a matacciyar masana'antar nan ma sun san shi, don yakan ƙulle dutse a ciki ya riƙa wulwulawa har ya wuce su.

Jajaye kuwa daban yake ajiye su. Ba ya goge zufa da jan ƙyalle. Tsaga su yake yi siri-siri, duk inda ya sami yoyo sai ya ɗaura tsage ɗaya a bishiya ko a sanda, yadda Dogo zai hango daga nesa.

Amma babban aikin ƙyalle, wanda ya sa yake ji da kansa, shi ne ɗauri. Yoyo ba ya jiran mai walda. In ka bar shi yana tsartuwa, kafin motar Dogo ta zo ya ci ƙasar da ke ƙarƙashin bututun, mahaɗar ta zauna, ƙaramin abu ya zama babba. Saboda haka sai ya goge wurin tas, ya ninke ƙyalle ya danna a bakin ɓular, ya kawo roba ya naɗe, ya taka bututun da ƙafa ya ja har jijiyar wuyansa ta fito, ya sake naɗewa, ya sake ja. Sai ya kara kunne. In ya ji ɗan sauti, ko ya taɓa ya ji danshi, to ɗaurin ne bai yi ba, sai a ƙara. Iyakar iliminsa ke nan, kuma shekara da shekaru bai taɓa ba shi kunya ba. Dogo kansa yakan ce gara ya yanke ƙarfe da ya kwance ɗaurin Baba.

Har gida ya kai wannan hali. Ƙafar kujera a ɗaure, hannun buta a ɗaure, tabaraunsa na karatu a ɗaure. Matarsa takan ce, "Malam, gidan nan ni kaɗai na rage ba ka naɗe da roba ba."

"Ke ai ba kya yoyo, Tela. Surutu kawai kike yi."

Tela yake ce mata tun suna da ƙuruciya. 'Ya'yansu sun girma sun watse, kowa yana garin da abincinsa yake, gidan ya rage daga shi sai ita sai ƙarar keke.

Ana cikin haka ciwon suga ya same shi. Shi bai ji komai ba in ban da ƙishirwa da yawan zagayawa, ya kuwa ɗora wa rana laifi. A gwajin lafiyar da ake yi wa ma'aikata aka gano. Likitar wata mace ce mai tabarau, ba ta kai 'yarsa ta fari a shekaru ba. Ta sa ya cire takalmi, ta ɗauko wani abu siriri kamar tsinke tana taɓa masa tafin ƙafa, ta ce ya rufe ido.

"Baba, ka ji nan?"

"Na ji."

"Nan fa?"

"Na ji."

"Baba, ban taɓa ka ba tukuna."

Ya buɗe ido. Ta yi masa bayani a hankali, cewa ciwon nan yakan kashe ji a ƙafa, mutum ya taka ƙusa bai sani ba, kuma rauni a jikin mai suga ba ya saurin warkewa.

"Ko ƙaya ce ta soke ka, ka zo ka nuna mana," in ji ta. "Ranar da ƙafar nan ta yi rauni, sai dai ka haƙura da daji, a sama maka aikin zaune."

Aikin zaune! Ya san shi sarai. Kujera ce ta ƙarfe a bakin ƙofar ma'aikata, kusa da sandar da ake ɗaga wa motoci. Mutumin da ya koya masa bin bututu a kanta ya ƙare da gwiwoyinsa suka gaza. Namiji ne da yake ratsa fadama kamar ba ya taka ƙasa, sai ga shi yana ɗaga sanda yana sara wa yaran da aka haifa a gabansa. Bai daɗe a kujerar ba ya bushe, ya daina magana, wata safiya aka ce ya rasu. Tun daga nan Baba Ƙyalle in zai wuce ƙofar sai ya kau da kai. Ba ya tsoron maciji, ba ya tsoron kwana shi kaɗai a ɗakin inji, amma kujerar nan yana tsoronta har cikin ƙashinsa. Ya karɓi magani ya yi godiya, ya kuma ƙudura a ransa cewa likitar nan ba za ta ƙara ganin tafin ƙafarsa ba.

Da damina abin ya faru. Yana cikin fadama, ruwa har ƙwauri, wata tsohuwar waya ta shinge da ta nutse a laka ta huda takalminsa na roba. Bai ji ba. Ya ci gaba da tafiyarsa har ya fita kan tudu, ya zauna zai yi alwala, ya zare takalmin. Safar ta yi ja, ta manne. A ƙarƙashin babban yatsa na hagu ya ga ɓula, ba ta fi ƙwayar wake ba. Ya danna da yatsa, ko zogi babu. Ya wanke da ruwan gora, ya ɗauko ƙyalle mai tsabta ya naɗe, ya mai da takalmi ya miƙe.

Bai yi nisa ba ya ji santsi a cikin takalmin. Ya sake zama ya duba, ƙyallen ya jiƙe. Bai ma yi shawara da zuciyarsa ba, hannunsa ne kawai ya shiga jaka ya fito da roba. Ya ninke sabon ƙyalle ya danna a bakin raunin, ya naɗe robar ta tsakiyar ƙafar, ya zagayo da ita ta idon sawu, ya ja. Ya sake naɗewa, ya sake ja. Da mai lafiyar ƙafa ne, ihu zai sa kafin a kai ja na biyu. Shi kuwa ƙafar ba ta ce masa komai ba. Ya jira kaɗan, ya taɓa ƙyallen, ya ji shi a bushe.

"Yauwa," ya ce, ya ɗauki jakarsa.

Wallahi duk wanda ya san mutumin nan, in ya zo nan a labarin sai ransa ya ɓaci. Ba wawa ba ne. Ya san inda ƙasa take zaizayewa tun kafin ta zaizaye, yana jin yoyo da kunne daga inda wani ba zai ji ba. Amma duk rayuwarsa abin da ya sani shi ne in abu yana ɗiga a ɗaure shi har ya daina, kuma babu ranar da wani ya ce masa jiki ba ƙarfe ba ne. Da ma an ce masa, ina shakkar zai ji, don taurin kai ne da shi kamar na jakin da ya ga gada.

Da ya dawo gida sai ya tsiro da sababbin halaye. Ya koma kwana da safa. In zai yi wanka sai ya shiga da jakarsa ya datse ƙofa. A can ciki yakan kwance ɗaurin ya duba, da jini ya fara komawa sai raunin ya soma tsattsafo da wani ruwa-ruwa, shi kuwa sai ya ce a ransa, ka gani, sakaci ne, ɗaurin bai yi ba. Sai ya ƙara matsewa fiye da na jiya.

Tela ba yarinya ba ce. Abin da ya fara tsaya mata a rai shi ne wanki. Wata rana tana kan keke ta hango shi ta ƙofar tsakar gida, tsugune gaban bokiti yana cuɗa ƙyallaye.

"Malam, tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin ka wanke ko hula ba. Lafiya?"

"Laka ce. Na ga aiki ya yi miki yawa."

"Yau ka san aiki yana yi min yawa?"

Ya yi mata kunnen uwar shegu, ya shanya kayansa a bayan ɗaki, inda ba a shanya. Ta bi bayansa da kallo. Yana ɗan jan ƙafar hagu, kaɗan dai, yadda in ba wadda ta san takunsa ba babu mai lura.

Makonni suka wuce, yana fita yana dawowa. Yatsun suka yi sanyi, suka koma launin toka. Daga baya wari ya soma. Ya ce lakar fadama ce ta kama takalmin, ya riƙa ajiye shi a waje, amma warin bai bi takalmin ya fita ba. Wata la'asar yana zaune a shagonta yana shan shayi, ta dakatar da keken, ta juyo gaba ɗaya ta fuskance shi.

"Malam, cire safar nan in gani."

"Me za ki gani?"

"Abin da kake ɓoyewa."

"Ɗan ƙwarzane ne. Na ɗaure shi."

"To mu je asibiti su ga ɗan ƙwarzanen."

Ya ajiye kofin. Bai ɗaga murya ba, da ma ba mai ɗaga murya ba ne.

"Tela, in na je, kin san inda za su zaunar da ni. Kin ga yadda mutumin nan ya ƙare. Ke kika ɗinka wa matarsa kayan takaba. So kike ki gan ni a bakin ƙofa ina ɗaga wa yara sanda?"

Ta san gaskiya ya faɗa game da kujerar, ta san mutumin da ta aura in ya kwana biyu bai taka daji ba sai ya rasa inda zai sa kansa. Tana tsoron ƙafar, tana kuma tsoron ta zama ita ce ta kai shi inda zai bushe. Ta yi niyyar zuwa wajen Dogo a ɓoye, har ta ɗauki mayafi, ta mayar. Tausayinsa ne ya hana ta, kuma wannan tausayin shi ne abin da har yau ba ta yafe wa kanta ba. Abin da ta iya yi kawai, ta zaɓo farin yadi mai laushi, ta yanka masa ƙyallaye sababbi, ta dafa su a ruwan zafi, ta sa masa a jaka ba ta ce komai ba. Tana kalmasa bakinsu tana kuka, har ɗinkin ya karkace.

Ranar fitarsa ta ƙarshe ya tashi da zazzaɓi. Ta ce ya kwanta, ya ce iskar daji ce maganinsa. Ya wuce gada, ya wuce wajen fasa dutse, yana tafe yana hutawa, abin da bai saba ba. Bayan matacciyar masana'anta ya tarar da wata mahaɗa tana tsartuwa. Ya durƙusa ya ɗaure ta, ɗauri mai kyau kuwa, ya ɗaura jan tsage a wani reshe. Da ya zo miƙewa sai ƙafar ta ƙi. Ji ya yi kamar kututturen itace aka liƙa masa daga gwiwa. Ya yi ta maza ya taka, ya taka, sai ga shi a ƙasa. Ya ja jiki ya jingina da bututun, ƙarfen da sanyinsa, yana jin ruwa yana wucewa ta bayansa zuwa gari.

Ya daɗe a nan yana rawar ɗari cikin rana. Wayarsa ba ta kamawa a wannan kwarin, ya sani tun da daɗewa. Daga ƙarshe ya buɗe jaka ya ciro jan ƙyalle guda cur, bai tsaga ba, ya ɗaura a kan sandarsa, ya kafa ta a tsakanin duwatsu. Ya jiƙa wani ya ɗora a goshi.

Allah ya sa ranar Dogo yana kusa, yana gyaran wani wuri da aka nuna masa tun fitar baya. Da suka gama suna neman hanyar fita, sai ya hango ja yana kaɗawa. Bai taɓa ganin Baba ya ɗaga ƙyalle sukutum ba, ya ɗauka bututun ne ya fashe gaba ɗaya. Ya bar motar ya taho da sauri, sai ya tarar da tsoho a jingine, leɓɓa sun bushe.

"Baba, me ya same ka?"

"Ƙafar ce ta ɗan yi nauyi. Kama ni in tashi."

Dogo bai kama shi ba. Warin ya riga ya gaya masa. Ya tsuguna ya gwada zare takalmin, ya ƙi fita, ya ciro wuƙa ya tsarge shi. Yana ganin abin da ke ciki ya gane shi, domin shi ne ɗaurin da yake fama da shi a jikin bututu kowane mako: ƙyalle a ninke, roba a kai, ƙulli a gefe yadda ba zai zame ba. Robar ta nutse cikin nama. Daga inda ta tsaya zuwa yatsu, ƙafar ta yi baƙi ƙirin.

Dogo mai surutu ya ɗago kai ya dube shi. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, me ya sa ka yi haka?"

"Ɗiga yake yi."

Goya shi Dogo ya yi har mota.

A asibiti likitar nan mai tabarau aka kira. Ta duba ƙafar, ta duba robar da aka yanke aka ajiye a faranti, ta cire tabaraun ta murje ido. Ba ta yi masa faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Tela tana tsaye a gefen gado, ta riƙe ƙarfen da hannu biyu.

"Baba, raunin shi kaɗai da mun iya da shi," in ji likitar. "Wanki ne da magani da hutu. Robar nan ce ta hana jini isa wurin, naman ya mutu. Yanzu gubar tana hawa. In ba mu cire daga ƙasan gwiwa ba, ba ƙafar kaɗai za a rasa ba."

Ya kalli silin ɗakin.

"Ba a iya sassauta mata a ga ko za ta dawo?"

"Ba za ta dawo ba, Baba."

"Irin ƙafar da ake sa wa mutane fa, ta roba? Tana shiga fadama?"

Likitar ta mai da tabaraunta. Ta so ta yi masa ƙarya, ya gani a fuskarta, amma ba ta yi ba.

"Za ka iya zagaya gida da ita, ka je masallaci, ka je kasuwa. Fadama kam a'a."

"To ku bar ni da abata."

Likitar ta dubi Tela, ta fita ta ja musu labule. Tela ta zauna a bakin gadon. Ba ta yi kuka ba, ta gama kukanta a kan keke.

"Malam, sau ɗaya na yi shiru don in faranta maka, ga abin da shirun ya haifa. Yau ba zan yi ba. Ka bar musu ƙafar, ka bar min kanka."

"Me za ki yi da ni, Tela? Mutum ba ƙafa?"

"Abin da nake yi da kai tun da. In dafa ka ci, in yi surutu ka share ni."

Ya juya fuska wajen bango, ya daɗe. Kafaɗunsa suna motsi. Da ya juyo, cewa kawai ya yi ta kira yarinyar nan likita.

Aka yanke. Ya kwanta har damina ta wuce, sannan aka sallame shi da sanduna biyu. Mutanen ofis suka zo dubiya, injiniya ya yi jawabi a kan shekarun da ya yi yana bauta wa jama'a, aka ce an yi masa ritaya. Kujerar bakin ƙofar da ya ba da ƙafarsa don gudunta, ko tayinta ba a yi masa ba, domin mai gadi sai ya riƙa miƙewa yana ɗaga sanda. Wani sabo aka sa a layin bututun, mutum mai ƙoƙari dai, amma da babur yake zuwa, ya duba inda babur ya kai, ya tsallake inda bai kai ba.

Tela ta sa aka kawo masa kujera mai hannu shagonta, kusa da ƙofa. Ta naɗe ƙafar wandonsa ta hagu ta ɗinke, duka wandunan, don kada ta riƙa jan ƙasa. Nan yake wuni. Masu kawo ɗinki su gaishe shi, ya amsa. Ya rage magana, ya rage ci. Dogo yakan leƙo ya ja shi da tsokana, ya yi murmushi don kada Dogo ya ji kunya. Guntayen yadi suka taru a kwando a ƙarƙashin keke, Tela ba ta yanka su ba, ba ta kuma zubar ba.

Wata safiya ta kafa bokiti a famfon tsakar gida, ta dawo kan keke. Daga inda yake zaune yana jin zubar ruwan. Can sai sautin ya canza. Famfon ya yi tari, ya tofar da iska, ya kawo ruwa ja-ja, ya koma siriri kamar zare. Baba Ƙyalle ya ɗaga kai, ya karkata kunne. Fuskarsa ta yi wani haske da Tela ta daɗe ba ta gani ba.

"Kin ji? Ba ɗauke ruwa suka yi ba, fashewa ce. Jar ƙasa yake ja, ke nan tsakanin tudu ne da fadama, wajen da babur ba ya zuwa. Tela, miƙo min jakata da takalmi, in ba a kama shi yau ba mahaɗar za ta zauna."

Ya dafa hannun kujerar ya yunƙura da ƙarfinsa, kamar yadda yake tashi kullum. Jikinsa ya tafi hagu. Ya cafki bakin teburin yanka, almakashi ya faɗi ƙasa, ya tsaya a haka yana lilo a kan ƙafa ɗaya. Tela ta riga ta miƙe. Da ta ji muryarsa ta dā, ita ma har ta juya za ta ɗauko jakar.

Suka dubi juna. A hankali ya koma ya zauna, ya gyara ɗinkakkiyar ƙafar wandon a kan gwiwarsa.

"Bar shi," ya ce. "Za su gani."

Ta ɗauki almakashin ta koma kan keke, amma ba ta taka shi ba. Kafin azahar famfon ya ɗauke ɗif. Bai kawo ba ranar, bai kawo washegari ba. Mata suka riƙa wucewa ta ƙofar shagon da jarkoki a ka suna zagin ma'aikatar ruwa, shi kuwa yana zaune yana kallon ƙafafunsu.